Shawara ga Mai Son Koyon Turanci a Kwalejin Al'umma a Amurka

Ɗan'uwa, idan ka sauka Amurka da Hausa da Faransanci kawai a bakinka, nemi kwalejin al'umma mafi kusa. Karatunta na shekara 2 ne, kuɗinta bai kai na jami'a ba. A unguwar Bronx ta birnin New York, inda 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana suke da yawa, akwai kwalejin Bronx da ta Hostos, duk a ƙarƙashin CUNY, wato jami'ar birnin New York.

Za a fara yi maka gwaji don a san ajin da ya dace da kai. Kada ka nemi a ɗaga ka sama da matsayinka, gaggawa aikin shaiɗan ce.

Kafin rajista, tambayi ko darasin yana cikin lissafin makin digiri. Wasu azuzuwan Turanci suna cin tallafin karatu na gwamnati mai suna Pell, wanda iyakarsa kimanin shekara 6 ce, ba tare da sun kusantar da kai ga takardar shaida ba. Shirin koyon Turanci na CUNY mai suna CLIP yana da rahusa, amma sa'o'i 25 ne a mako, sai ka daidaita shi da aikinka.

A aji, zauna da waɗanda ba sa jin Hausa, ka yi magana ko da za ka yi kuskure.