Darasin Lafiya: Idan Jini Ya Yi Kauri Ga Mai Amfani Da Testosteron



Tun muna ƙanana abin da muka saba ji shi ne "jininsa ya ƙone" ko "an ce sai an ƙara mata jini". Zazzaɓin cizon sauro, ciwon sikila da haihuwa sun sa mun ɗauka cewa matsalar jini guda ɗaya ce, wato ƙarancinsa. A wannan fitowar mun juya ta ɗaya ɓangaren: jajayen ƙwayoyin jini suna iya yin yawa har su zama haɗari, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo hakan shi ne amfani da testosteron. Mun zaɓi batun ne domin a cikin iyayenmu da yayyenmu akwai waɗanda likita ya ɗora a kan wannan magani, akwai kuma samari masu ɗaga ƙarfe da ke sayensa a ɓoye don su yi ƙwanji.

Mene ne testosteron?

Testosteron homon ne, wato sinadarin da jiki ke samarwa don aika saƙo daga wata gaɓa zuwa wata. A jikin namiji, mafi yawansa daga 'ya'yan maraina yake fitowa. Mata ma suna da shi, amma kaɗan. Shi ke buɗe muryar yaro idan ya balaga, ya fito masa da gemu, ya ƙara masa tsoka da ƙarfin ƙashi. A shekarar 1935 aka fara tace shi a birnin Amstadam, kuma a wannan shekarar masana kimiyya biyu, Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka, suka haɗa shi a ɗakin gwaje-gwaje. Yau likitoci na ba da shi ga mazan da gwaji ya tabbatar jikinsu ba ya samar da isasshe, ko dai ta allura ko ta man shafawa a fata.

Kalmomi biyu da ya kamata mu riƙe

Ta farko ita ce hematokirit, wadda a asibitocinmu aka fi sani da PCV. Idan aka ɗebi jini a siririn bututun gilashi aka juya shi da sauri a na'ura, jajayen ƙwayoyi za su kwanta a ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya ya tsaya a sama. Kason da jajayen ƙwayoyin suka cinye cikin ɗari shi ne PCV. Misali, idan tsawon jinin a bututu milimita 60 ne, jan ɓangaren kuma milimita 27, sai mu raba 27 da 60 mu ninka da 100, mu sami kashi 45. Ga babban namiji mai lafiya, adadin yakan tsaya tsakanin kashi 41 zuwa 50. Ga mace, tsakanin kashi 36 zuwa 44, kodayake ɗakunan gwaji sukan ɗan bambanta.

Ta biyu ita ce hemogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin, mai ɗauko iskar oksijin daga huhu ya raba wa gaɓoɓi. Ga namiji yakan kasance tsakanin giram 13.5 zuwa 17.5 a kowace desilita ɗaya ta jini. Su biyun tare suke hawa, tare suke sauka.

A nan mu yi hattara: yawan jajayen ƙwayoyi daban, hawan jini daban. Hawan jini ƙarfin da jini ke danna bangon jijiya ne, ana auna shi da abin ɗaurawa a damtse. PCV kuwa sai an ɗebi jini. Mutum na iya samun ɗaya babu ɗayan, yana kuma iya samun duka biyun.

Ta yaya testosteron ke ƙara jini?

A cikin ɓargon ƙashi ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kuma kowace ƙwaya tana rayuwa kimanin kwana 120. Ƙoda ce ke ba ɓargo umarni ta hanyar wani homon da ake kira EPO. Testosteron yana sa ƙoda ta ƙara fitar da EPO. Bayan haka yana danne hefsidin, wani homon na hanta wanda aikinsa shi ne taƙaita shigar sinadarin ƙarfe cikin jini. Idan hefsidin ya ragu, ƙarfe ya wadata, ɓargo ya sami umarni ga kuma kayan aiki, sai ya yi ta ƙera ƙwayoyi. Wannan ne ma dalilin da ya sa PCV na maza ya fi na mata tun daga balaga. Yawan jajayen ƙwayoyi na daga cikin illolin da aka fi gani ga masu karɓar maganin, an fi ganinsa ga masu allura fiye da masu shafawa, da kuma dattawa fiye da matasa.

Ina haɗarin yake?

Mu ɗauki kunu. Idan tsinkakke ne, aka zuba shi ta mazurari, nan da nan zai wuce. Idan ya yi kauri, sai ya riƙa tafiya da ƙyar, wani lokaci ya toshe. Haka jini yake idan ƙwayoyinsa suka yi yawa: zuciya na ƙara wahala wajen turawa, kuma ana fargabar ya daskare ya zama guda a cikin jijiya. Gudan jini a ƙwaƙwalwa na jawo shanyewar ɓarin jiki. A jijiyar zuciya, bugun zuciya. A ƙafa, kumburi da ciwo, kuma yana iya ɓallewa ya tafi huhu.

Masu shirya wasanni sun daɗe da sanin wannan. A 1997 hukumar tseren keke ta duniya ta kafa dokar dakatar da duk namijin da PCV ɗinsa ya haura kashi 50, saboda yadda 'yan tsere ke yin allurar EPO. A 1999 aka cire Marco Pantani daga babbar gasar tseren keke ta Italiya yana kan gaba, bayan an auna nasa an sami kashi 52.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne mutane da yawa ba sa jin komai. Wasu kan ji ciwon kai, jiri, dishi-dishin ido, jan ido ko kasala. Amma ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko kumburin sharaɓa ɗaya, waɗannan ba na jira ba ne. A garzaya asibiti nan take.

Yadda ake shawo kan matsalar

Na ɗaya, gwaji. Ƙungiyar likitocin homon da ke Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a 2018, ta ce a auna PCV kafin a fara maganin, a sake bayan wata 3 zuwa 6, sannan sau ɗaya kowace shekara. Ta ce kada a fara wa wanda nasa ya haura kashi 48, ko kashi 50 ga mazauna wurare masu tudu sosai. Idan kuwa ya wuce kashi 54, a dakatar da maganin har sai ya sauko, sannan a koma da adadi kaɗan.

Na biyu, a tabbatar da sakamakon. Wanda ya yini cikin zafin bazara bai sha ruwa ba, ko yake fama da gudawa, ruwan jininsa zai ragu, sai gwaji ya nuna adadi sama da na gaskiya. Don haka akan maimaita gwajin bayan mutum ya sha ruwa sosai. Sai dai mu lura, shan ruwa ba ya rage yawan ƙwayoyin kansu.

Na uku, gyara maganin. Likita na iya rage adadi, ko ya raba babbar allura zuwa ƙanana da ake yi a kai a kai don kada homon ya yi tsalle a jini, ko ya mayar da mutum kan na shafawa. Tunda ƙwayoyin na yin wata huɗu kafin su mutu, sauƙin ba ya zuwa a mako ɗaya. Sai an yi haƙuri.

Na huɗu, neman sauran dalilai. Duk abin da ke rage oksijin a jiki yana sa ƙoda ta ƙara EPO. Shan sigari da shisha na kan gaba. Akwai minshari mai haɗe da ɗaukewar numfashi cikin barci, akwai ciwon huhu, akwai zama a tudu, kamar Jos da ke kimanin mita 1,200 sama da teku. Akwai kuma wata cutar ɓargo da ke ƙara ƙwayoyi ba gaira ba dalili, wadda sai gwaji na musamman ke gano ta.

Na biyar, rage jini a asibiti. Idan adadin ya yi sama sosai, likita na iya sa a ɗebi kimanin mililita 450, daidai leda ɗaya, daga cikin kusan lita 5 da ke jikin babba. Wannan na sauke PCV da sauri, amma idan aka yawaita, sinadarin ƙarfe na jiki zai ƙare, mutum ya koma fama da kasala. Wanda ya je ba da gudummawar jini kuma ya faɗi gaskiyar magungunan da yake amfani da su. Ƙahon da wanzami ke yi ba ya maye gurbin wannan, domin ba a auna jinin da ya fita, ba a kuma auna wanda ya rage.

Na shida, kada mutum ya zama likitan kansa. Maganin ƙarin jini da muke saye a kemis ƙara wa wuta fetur ne ga mai wannan matsala, sai fa idan likita ne ya rubuta. Haka asfirin: shan sa ba bisa umarni ba na iya jawo gyambon ciki da zubar jini.

Saƙonmu ga 'yan uwa samari

Duk abin da muka lissafa ya shafi wanda ke hannun likita ne. Wanda aboki ya yi wa allura a bayan gidan ɗaga ƙarfe ba shi da gwajin farko balle na biyu, kuma yawanci adadin da yake karɓa ya ninka na asibiti. Ga yaron da bai gama girma ba, testosteron na waje na iya rufe bakin ƙasusuwa da wuri, tsawonsa ya tsaya a nan. Yana kuma sa jiki ya rage samar da nasa, maniyyi ya ragu, haihuwa ta yi wuya. Ga mai burin zama ɗan wasa, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Abinci mai kyau, barci isasshe da motsa jiki sun ishi mai shekarunmu, domin jikinmu na samar da abin da yake bukata.

Idan a gida akwai mai karɓar wannan magani, mu tambaye shi cikin ladabi: "Baba, yaushe rabonka da gwajin PCV?" Gwajin ba shi da tsada, ba ya ɗaukar lokaci, kuma ana yin sa a mafi yawan asibitocinmu.

Gwada fahimtarka

1. Tsawon jini a bututu milimita 50 ne, jan ɓangaren milimita 28. Nawa ne PCV? Me likita zai yi idan mai jinin yana kan testosteron?
2. Mene ne bambancin hawan jini da yawan jajayen ƙwayoyin jini?
3. Me ya sa PCV ba ya sauka nan take bayan an rage magani?

A rubuta amsa a jefa cikin akwatin kulob ɗinmu. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida, sashen kimiyya da lafiya.