Matsirga da Kurmi: Kalmomi Biyu da Ruwan Iguwazu

Yaron da ya tashi a cikin ganuwar birnin Kano, ruwan da ya fara sani kwantacce ne. Ya san rijiya, ya san kududdufin unguwa wanda ya samu daga haƙar ƙasar gini, ya san Jakara mai ratsawa ta gefen kasuwar Kurmi. Ko ya hau Dala ko Gwauron Dutse da damina, abin da zai gani bai wuce ruwan sama yana bin kwazazzabo na ɗan lokaci ba. Saboda haka in ya ci karo da kalmar matsirga, yakan ɗauke ta a kan sunan wani wuri kawai da ke kusa da Kafanchan.

Alhali kuwa kalma ce da ta bi ƙa'idar ginin sunan wuri, watau a liƙa ɗafa-goshin ma- a jikin saiwar aikatau. Tsirga ta ba da matsirga, kamar yadda faɗa ta ba da mafaɗa, gangara kuma ta ba da magangara. To amma ba ma'anarsu ɗaya ba. Magangara tana iya zama tudu mai sauƙi wanda ruwa zai bi yana shafar ƙasa. Matsirga kuwa sai inda ruwa ya rabu da dutse ya diro. Masu fassarar labarai sun fi son su ce magangarar ruwa, amma lalle wannan ta yi sanyi ga abin da ake gani a Gurara ta jihar Neja, ko a Farin Ruwa ta jihar Nasarawa.

Kalmar kurmi ita ma ta yi nisa da asalinta a kunnen Bakane. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Kurmin Baƙin Ruwa, duhuwar itatuwa da ke Jakara wadda mutanen Barbushe suke girmamawa. A wannan yanki aka kafa kasuwa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Itatuwa suka tafi, suna ya zauna. Daga baya fatake suka riƙa kiran ƙasashen kudu masu duhun daji da kurmi, kuma a can ne har yanzu ake samun na ainihi, kamar Gandun Dajin Kuros Riba da aka kafa a 1991, wanda matsirgar Kwa take a gefensa.

Inda waɗannan kalmomi biyu suka haɗu da girman da ya fi na ko'ina a Nijeriya shi ne Iguwazu, a kan iyakar Ajantina da Burazil, a Kudancin Amurka. Sunan daga harshen Guwarani yake, ma'anarsa babban ruwa. Kogin yakan yi tafiyar kilomita kusan 1,300 daga duwatsun gabas, sa'an nan ya iske wani gefen baƙin dutse mai faɗin kilomita 2.7, ya rarrabu kashi wajen 275, ya zuba. Ajantina ta mai da nata ɓangaren gandun daji na ƙasa a 1934, Burazil ta bi sawu a 1939, hukumar UNESCO kuma ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 1984 da 1986.

Hanya biyu ake bi a kai ga ruwan, kuma abin da kowacce take koya wa mutum daban ne. Ta farko ita ce ta ƙafa. A ɓangaren Ajantina akwai turba ta sama, mai bin bakin dutsen, inda mai ziyara yake kallon ruwa yana silalowa a natse har ya ɓace a ƙarƙashin ƙafarsa. Akwai kuma ta ƙasa, mai matakala, wadda take kutsawa cikin kurmi. A nan ne mutum zai gane cewa dajin ba ado ba ne. Feshin ruwan ba ya barin ganye ya bushe, itatuwan kuma su ne suke riƙe ƙasa da ruwan sama, suna sakinsa a hankali. Ƙaramin jirgin ƙasa yakan kai mutane bakin wata gadar ƙafa mai tsawon fiye da kilomita guda, wadda take ratsa kogin har zuwa Maƙogwaron Shaiɗan. Wannan wani lungu ne mai siffar kofaton doki, zurfinsa wajen mita 80, ba a ganin gindinsa saboda farin hazo. Wasu tsuntsaye masu kama da tsattsewa sukan keta labulen ruwan su shige, domin a bayansa suke yin sheƙa.

Ta biyu ita ce ta kwalekwale mai inji. Ana sa wa kowa rigar hana nitsewa, a ba shi jakar da zai ɓoye kayansa, sa'an nan a nufi ruwan daga ƙasa, ana hawa igiya. Ba a shiga Maƙogwaron Shaiɗan, sai dai a kusanci waɗansu matsirgu na gefe, kamar San Martin. Mai tafiya a ƙafa fasali yake gani. Na cikin kwalekwale kuwa nauyi yake ji, don a lokacin idonsa ba ya buɗuwa, kunnensa ba ya jin na kusa da shi. Wanda ya taɓa zama a nan ba zai ƙara cewa ruwan gangarowa yake yi ba.

Ba kullum ruwan yake da yawa ɗaya ba. A watan Yuni na 2014 ambaliya ta ninka shi fiye da sau ashirin, ta ɓalle gadar ƙafar, a shekarun fari kuwa dutsen yakan fito tsirara. Har ila yau akwai madatsu da dama a saman kogin, don haka buƙatar lantarki tana da hannu a yawan abin da baƙo zai gani a ranar da ya je.

Abin da ya sami maƙwabciyarta ya fi wannan tsanani. A kogin Parana, wanda Iguwazu take zubawa cikinsa, a da akwai matsirgar Gwaira, wadda ta fi Iguwazu yawan ruwa nesa ba kusa ba. Da Burazil da Faragwai suka gama madatsar Itaifu, aka rufe ƙofofinta a watan Oktoba na 1982, cikin 'yan makwanni tafki ya haɗiye ta baki ɗaya.

Bakane bai rasa misalin wannan a gida ba, ko da yake nasa ba matsirga ba ne. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 a kan kogin Kano ta kawo noman rani a Kadawa da Kura, ta Challawa kuma ta biyo baya a 1992. Amma tun daga lokacin ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suke dogara da ita kowace shekara ta ragu, masunta da manoman shinkafa da makiyaya na can ƙasa su ne suka fara gani a tarunsu da gonakinsu da mashayarsu.