Girman Macijin Bowa na Gida da Matsalar Kiransa Mesa

1.0 Gabatarwa

Mai fassara rubutun kimiyya zuwa Hausa idan ya gamu da macijin da Carl Linnaeus ya raɗa wa suna Boa constrictor a 1758, yakan kira shi mesa, kasancewar dukansu ba su da dafi, naɗe abin da suka kama suke yi su matse shi. Wannan maƙala tana ganin cewa sunan yana rikita mai karatu game da girman dabbar, wadda ake kiwo a gidaje a Amurka da Turai.

2.0 Daga Haihuwa Zuwa Balaga

Asalin bowa Amurka ta Kudu ce da ta Tsakiya. Macen haihuwa take yi, saɓanin mesa mai saka ƙwai. Ɗan bowa kan zo duniya da tsawon santimita 40 zuwa 50, sannan ya yi ta girma cikin sauri, yana yin saɓa akai-akai. Yakan balaga a shekara 3 zuwa 4, daga nan girman ya ragu ƙwarai, duk da cewa ba ya tsayawa cak.

Babbar mace takan kai mita 2 zuwa 3, nauyinta kilo 10 zuwa 15, namiji kuwa mita 1.8 zuwa 2.4. Da wuya a sami wanda ya kai mita 4. An daɗe ana ambaton wani mai mita 5 da rabi da aka kashe a tsibirin Tirinidad lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma daga baya aka gane anakonda ne.

3.0 Abubuwan da Ke Ƙayyade Girma

Abu uku ne. Na farko, mace ta fi namiji girma. Na biyu, asali: Boa imperator na Amurka ta Tsakiya, wanda ya yawaita a hannun masu kiwo, bai kai danginsa na yankin Amazon girma ba, na tsibiran Cayos Cochinos a Honduras kuwa galibi ba su kai mita 2. Na uku, abinci. Wasu masu kiwo kan yi wa ƙaramin bowa ɗurar ɓeraye don ya yi saurin girma, abin da ke jawo masa kitse da gajartar kwana.

Keji ba ya cikin waɗannan dalilai. Zaton cewa ƙaramin keji zai hana maciji girma kuskure ne; takura shi kawai yake yi. Wanda ya sayi ɗan bowa ya ɗauki nauyin dabbar da za ta iya fin shi tsawo, kuma ta rayu shekara 20 zuwa 30.

4.0 Kammalawa

Mesar da Bahaushe ya sani, wato Python sebae, mafi girmanta na iya wuce mita 5, har ta haɗiye akuya ko gada. Da zarar an ce mesa, wannan surar ce ke zuwa zuciyar mai karatu, alhali babban bowa na gida ɓera da zomo ne abincinsa. Don haka ake ba da shawarar a aro kalmar bowa, a riƙa haɗa ta da adadin tsawo da nauyi, a bar wa mesar Afirka sunanta.