Yadda Ake Koya wa Yaran Zango Fitar da Haske Daga Duhu

Duk wanda ya zauna a Nima ko Mamobi lokacin da ɗauke wutar lantarki, wanda mutanen Ghana ke kira dumso, ya tsananta a 2015, ya san cewa idan dare ya yi aka kunna fitila guda a teburin mai shayi, sai buta da kofuna su fito da wani irin kyau wanda rana ba ta bayyana shi. To, wannan kyan ne ya kamata malamin zane ya koya wa almajiransa kamawa, kuma hanyar ba ta bukatar dukiya.

Da farko malami ya nemi izinin iyaye da na limamin unguwa, ya sa darasinsa bayan an tashi daga makarantar allo. Da yake malaman addini sun yi saɓani kan taswirar abu mai rai, hikima ita ce a fara da abin da babu jayayya a kansa, kamar buta, ko ƙwarya, ko ƙubbar Masallacin Ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021. Kayan aiki kuwa su ne gawayi mai taushi, da alli, da robar goge rubutu, da ƙaro, da takardar buhun siminti, wadda kaushinta ke riƙe gawayi fiye da farar takarda mai santsi.

Sa'an nan kowane yaro ya baƙanta takardarsa gaba ɗaya, ya murje ta da tsumma har baƙin ya daidaita. A rufe tagogi, a ajiye buta a tsakiyar ɗaki, a kunna fitila ɗaya tak a gefenta, ɗan sama kaɗan. A nan ne sirrin al'amarin yake, a nan kuma malami zai yi haƙuri, domin yaro ya saba ya zana kewayen abu da layi sa'an nan ya cike cikinsa, alhali kuwa abin da ake nema shi ne ya ƙanƙance idanunsa har ƙananan abubuwa su ɓace, ya rarrabe daraja uku: inda haske ya sauka, da inda ya fara raguwa, da inda duhu ya yi kauri. Sai ya ɗauki roba ya ɗage gawayin daga wajen hasken a hankali, ya bar sauran yadda yake. Idan ya ƙara lura, zai ga wani siririn haske a bayan butar, cikin inuwar kanta, wanda bango ya mayar mata, kuma ranar da ya gano wannan da kansa, hakika idonsa ya buɗe. Ɗigon alli a inda ƙyalli ya fi ƙarfi shi ne ƙarshe, kuma kada a yawaita shi. Mai zane Rembrandt, mutumin Holand da ya rasu a 1669, da barin yawancin hotonsa cikin duhu ya shahara.

Don kada aikin ya goge, a jiƙa ƙaro, a tace, a tsinka shi ƙwarai, a fesa daga nesa.

Bayan hannu ya faɗa sai a fita bango, bisa ƙa'idar nan dai: fenti mai duhu tukuna, a bari ya bushe, mai haske ya biyo baya, kuma a kauce wa ruwan watan Mayu da Yuni. Yaran ba su rasa abin koyi ba, ga ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art da ta ƙawata bangayen unguwar, ga kuma Moh Awudu, ɗan Nima, wanda zanensa ya yi suna a bikin Chale Wote lokacin da ake yin sa a Jamestown.

Ya ku masu gidaje da shugabannin Zango, don Allah idan malami ya zo da almajiransa neman bango, ku ba su.