Yadda Ake Haɗa Kwamfutar Gida ta Wasa da Gyaran Hoto a Jibiya

Kwamfutar haɗi ita ce wadda ake sayen kayanta ɗaya bayan ɗaya, a zauna a harhaɗa su cikin akwati guda, saɓanin wadda kamfani ya ƙulla ya rufe. A Jibiya, garin da ke yamma da birnin Katsina a kan hanyar Maraɗi, gidan da ya mallaki irinta yakan ɗora mata aiki biyu. Da rana ta gyara hotuna: na fasfo, na rajistar JAMB da NECO, na biki da suna, har da katin gayyata. Da yamma ta koma hannun yara da samari su buga ƙwallo a EA Sports FC ko eFootball. Aikin rana ne ke mayar da kuɗin da aka kashe, na yamma kuwa shi ke zaunar da yara gida bayan magariba, abin da iyaye a garin bakin iyaka ba sa rainawa.

Zaman shawara

Kafin a sayi ko noti ɗaya, mutanen gida kan zauna. Yayan da zai riƙa gyaran hoto yana son RAM mai yawa da allo mai faɗin gaskiyar launi. Ƙannensa hankalinsu na kan katin girafik. Maigida, mai fitar da kuɗin, abin da zai daɗe bai lalace ba yake nema. Ana rubuta buƙatun nan a takarda, a yanke iyakar kuɗi. Farashin kayan kwamfuta dala yake bi, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, lissafin watan jiya ba ya aiki a wannan watan. Saboda haka ranar da kuɗi suka cika ake kiran ɗan kasuwa a ji farashi.

Wuta kafin komai

Ƙwararren mai haɗi a wannan yanki daga bango yake fara lissafi. Wutar KEDCO takan zo ta ɗauke ba sallama, wani lokaci ta zo da rauni, wani lokaci da ƙarfin da ya wuce kima. Matsakaiciyar kwamfutar wasa, tare da allonta, takan ja wat 300 zuwa 350 idan wasa ya yi zafi. Gyaran hoto ba ya cin rabin haka. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma irin na dalma rabinsa kawai ake sha idan ana son ya yi ƙarko. Idan aka cire abin da inbata ke ci, abin da ya rage na wasan wajen awa uku ne. Wannan lissafin ne ke nuna ko gidan zai ƙara faifan sola, ko zai rage girman katin girafik.

Inbata ko UPS ɗin da za a saya dole ya zama mai fitar da wuta sumul irin ta layi, domin fawa-fak na zamani, wato kayan da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, yakan yi ƙara ko ya ɗauke idan aka ba shi wuta mai gargada. Ƙaramin janareta kuwa ba a jona masa kwamfuta kai tsaye sai an gitta sitabilaiza.

Zaɓen kaya

Furosesa ake fara zaɓa, domin shi ke yanke irin madabod, wato babban faifan da kowane kaya ke hawa kansa. Masu tattali sukan tsaya kan soket ɗin AM4 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2016, har yanzu kuma kayansa na da sauƙin samu. Ryzen 5 5600 mai sassan aiki shida yana cikin ajin wat 65, yana zuwa da fankarsa a kwali, ya kuma wadatar da ayyukan biyu. Takwaransa a ɓangaren Intel shi ne Core i5-12400F. Dukkansu ba sa fitar da hoto da kansu sai da katin girafik. Gidan da kuɗinsa bai kai ba yakan ɗauki Ryzen 5 5600G mai girafik a ciki, a fara gyaran hoto da shi, a sayi katin bayan an sayar da amfanin gona. Sabon soket na AM5, na 2022, RAM irin DDR5 kaɗai yake karɓa, shi ya sa kuɗinsa ke haurawa.

RAM giga 16 ne mafi ƙaranci, sanda biyu masu giga 8, domin biyu sun fi ɗaya sauri. Mai buɗe manyan hotuna da yawa a Photoshop zai ji daɗin giga 32. A katin girafik, Radeon RX 6600 mai giga 8 yana cin wat 132, GeForce RTX 3060 mai giga 12 kuma wat 170, kuma bambancin nan yana bayyana a batir kowane dare. Ma'adana biyu ake sa wa: SSD irin NVMe don Windows da manhajoji, da hadis (hard disk) mai tera ɗaya ko biyu don tara hotuna. Fawa-fak mai wat 550 zuwa 650, mai hatimin 80 Plus, na kamfanin da aka sani, shi ne kayan da ba a neman rangwame a kansa. Araha ba ta ado, kuma fawa-fak marar asali idan zai mutu yakan tafi da madabod da kati. Allo kuwa a nemi irin IPS mai cika launukan sRGB, don kada fatar amarya ta fito ja a takarda bayan ta yi daidai a ido.

Inda ake samowa

Kasuwar Jibiya da ke ci ranar Lahadi ta hatsi ce da dabbobi da kayan masarufi. Kayan kwamfuta daga Katsina ake samo ƙananansu, manyan kuma daga Kano, wajen Farm Centre da titin Beirut, ko a yi saƙo daga Computer Village ta Ikeja a Legas. Dogaro da tsallaken iyaka ba shi da tabbas: an rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. Abin da ya shigo ta Magama, garin bakin iyaka, daga wajen Maraɗi kuma yakan zo da filogi mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa, alhali soket ɗin Najeriya mai ƙafa uku ne irin na Ingila. A canza wayar gaba ɗaya ya fi a dogara da adafta mai sako-sako.

Kayan hannu, waɗanda 'yan kasuwa ke kira 'yan Beljiyam, sai an gwada a gaban mai shago. Bayan Satumban 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da katin girafik, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Ana duba asalin kati da manhajar GPU-Z, a matsa masa da FurMark na kwatan awa ana kallon zafinsa, a duba lafiyar hadis da CrystalDiskInfo. Tsofaffin kwamfutocin ofis ma a yi hattara da su: Microsoft ta sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10, Windows 11 kuma ba ta amince da furosesan Intel da ya girmi zubi na takwas ba.

Ɗora furosesa

A nan ake gane hannu. Da dama daga masu wannan sana'a a arewa daga teburin gyaran waya suka taso, wasunsu 'ya'yan masu gyaran rediyo ne, kuma natsuwar yatsun da aka gada daga can ita ce jarin wannan mataki.

Abokin gaba na farko ba a ganinsa. A hunturu iska takan bushe ƙarau, har mutum ya ji tas a yatsa idan ya taɓa ƙofar mota, ko ya ga tartsatsi a rigar sanyi cikin duhu. Tartsatsin da bai kai a ji shi ba ma ya isa ya illata furosesa ko RAM, kuma illar kan ɓuya sai bayan makonni na'ura ta fara daskarewa. Don haka mai haɗi yakan tuɓe suwaita, ya sa rigar auduga, ya naɗe kafet ya tsaya a kan siminti, ya taɓa ƙarfen akwatin kafin ya ɗauki kowane kaya. Gefe-gefe ake riƙe su, yatsa ba ya sauka kan ruwan zinariyar da ke ƙasa. Ana rufe taga a kashe fankar sama don ƙura, a ɗora madabod a kan kwalinsa.

Furosesan AM4 yana da ƙafafu 1,331 a ƙarƙashinsa, kowace ba ta kai kaurin allura ba. Ana ɗaga ɗan ƙarfen da ke gefen soket ya miƙe tsaye. A kusurwa ɗaya ta furosesan akwai alama mai kusurwa uku mai ruwan zinariya, a soket ma akwai irinta. Su ake haɗawa. Sai a sauke shi a hankali a sake shi. Idan daidai yake, da nauyin kansa zai faɗa ya kwanta lif. Idan ya tsaya a karkace, ba a dannawa ko kaɗan. A ɗaga, a duba, a sake. Danna guda ke lanƙwasa ƙafafu goma. Wanda ya ƙware yakan miƙar da lanƙwasasshiyar ƙafa da bakin reza a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, layi bayan layi, yana hango su ta gefe a hasken rana. Aiki ne mai ban sha'awa a wurin mai kallo, amma ƙafar da ta karye ta karye ke nan. A soket ɗin Intel da AM5 ƙafafun a jikin madabod suke, sun fi siranta, gyaransu ya fi wuya. Baƙin murfin robar da ke kansu ba a ɓamɓare shi da hannu. Da kansa yake tashi idan aka rufe maƙallin.

Daga nan sai man ɗaukar zafi, mai launin toka, wanda ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin furosesa da ƙarfen fanka. Fankar da ta zo cikin kwali tana da nata a shafe, ba a ƙara wani. Idan ta daban ce, a fara ɓare ledar da ke manne a gindinta, domin mantawa da ita na cikin kurakuran da suka fi yawa. A ɗiga man kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗora fanka sau ɗaya ba tare da ɗagawa ba. Notunan fankar huɗu a gicciye ake ɗaure su, juyi biyu a wannan kusurwa, juyi biyu a mai fuskantarta, har su tsaya da kansu. Wanda ya ɗaure ɗaya tam kafin sauran ya tura man gefe guda. A ƙasar sanyi irin wannan kuskure kan wuce ba a sani ba, amma a Jibiya, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, bazarar farko za ta tona shi. A ƙarshe a soka wayar fanka a gurbin da aka rubuta CPU_FAN. Ranar da za a cire fankar nan gaba, a bar na'urar ta ɗan yi aiki man ya yi laushi, a murɗa a hankali, don busasshen mai kan fizgo furosesan AM4 daga soket.

Sauran haɗi da tashin farko

Abin da ya rage ba shi da wuya. RAM a gurbi na biyu da na huɗu daga wajen furosesa, SSD a kwance da notinsa. Ana gwada tayar da na'urar tun tana kan kwali, kafin a ɗaure ta a kan 'yan dogaran tagulla na cikin akwati. Wayar allo a bayan katin girafik ake soka ta. Idan hoto ya ƙi fitowa a madabod irin B450, sau da yawa BIOS ne ke son sabuntawa kafin ya gane Ryzen na jerin 5000. A cikin BIOS ake kunna XMP don RAM ya yi gudun da aka biya kuɗinsa. Fankokin da ke shigar da iska ta raga su fi masu fitarwa yawa, ta yadda ƙura ba za ta kutso ta ramuka ba.

Manhaja da tsarin gida

Photoshop da Lightroom na biyan wata ne, kuma sukan nemi intanet lokaci zuwa lokaci. Jibiya na cikin ƙananan hukumomin Katsina da aka katse wa layukan waya a Satumban 2021 saboda tsaro, don haka ajiye GIMP da darktable, waɗanda kyauta ne kuma ba sa neman layi, dabara ce mai kyau. CorelDRAW shi ne masu buga kati suka saba da shi. Kowane mai amfani a buɗe masa nasa asusun, na yara marar ikon girka komai. Hotunan amare da matan aure amana ce; a kulle su da kalmar sirri, a kwafe su a hadis na waje da ake ajiyewa daban. Lokacin wasa kuma gidaje da dama sukan ɗaura shi da Alhamis da Juma'a, ranakun hutun makarantar allo.

Akwatin a kan tebur yake zama, nesa da ƙasa da bakin taga, a lulluɓe shi da zane idan an kashe. A hunturu ana wanke ragar iska duk mako biyu, a busa ciki da bulowa duk wata, ana riƙe fankoki da yatsa kada su yi ta juyawa. Da damina a zare filogi idan hadari ya taso. Man furosesa kuma a sabunta shi duk bayan shekara biyu zuwa uku, kafin shigowar bazara.