Yadda Mulkin Ƙasa Ya Yi Ta Sākewa

Kowace ƙasa tana bukatar shugaba, gama in babu mai tsawatawa, sai mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi. Amma fa shugaban shi ma ɗan Adam ne, yakan yi fushi, yakan yi kwaɗayi. Saboda haka tun zamanin da mutane ke fama da tambayoyi biyu. Wa zai naɗa shugaba? Wa kuma zai ce masa ya bari in ya kauce hanya? Amsar da kowace al'umma ta bayar ita ce irin mulkinta.

A ƙasar Hausa abin da aka fara sani shi ne sarauta. Sarauta gado ce, amma ba tilas ba ne babban ɗa ya gaji ubansa. In sarki ya rasu, sai masu zaɓen sarki su taru, su duba 'ya'yan gidan sarauta, su ɗauki wanda suka ga ya dace. Bayan an naɗa shi kuma ba ya yanke babban al'amari shi kaɗai. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa majalisar nan da ake kira Tara ta Kano, watau manya tara masu ba sarki shawara. A zamaninsa ne kuma Shaihu Magili ya sauka Kano, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarki, kamar zama don jin kukan talakawa, da barin dukiyar da ba ta halatta ba. Sai dai in sarki ya toshe kunnensa, talaka ba shi da ta cewa. Iyakarsa ya ɗaure kayansa da dare, ya ƙaura zuwa ƙasar wani sarki.

Cikin shekara ta 1804 Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fara jihadi. Cikin abubuwan da ya zargi sarakuna da su har da haraji mai nauyi da ƙwace dukiyar talakawa. Da aka ci nasara sai tsari ya sāke. A da kowane birni da sarkinsa. Yanzu kuwa sarakunan Kano da Katsina da Zazzau da Bauci da sauransu suka koma ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Shi ke tabbatar da naɗinsu, yana kuma iya tuɓe su, dukansu kuwa shari'a ce aka ce ta zama linzaminsu.

Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ba su da yawa, don haka Gwamna Lugga ya bar sarakuna a kan gadonsu, ya ajiye Razdan kusa da su. Aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarki albashi. Sarki ya sami mai tsawata masa, amma mai tsawatawar baƙo ne, ba mutanen ƙasa suka sa shi ba, ba su kuma iya cire shi.

Abin mamaki, su Turawan nan a can gida sun daɗe da ɗaure hannun nasu sarkin. A 1215 manyan Ingila suka tilasta wa Sarki Jon ya yarda da wata takarda, wadda ta ce ba za a ɗaure ɗa ba sai bisa doka. Wani sarkinsu kuma, Calas na Ɗaya, ya yi jayayya da majalisa a kan haraji har aka kai ga yaƙi, aka sare kansa a 1649. Sannu a hankali iko ya koma hannun majalisar da mutane ke zaɓa, sarki ya zama uban ƙasa kurum.

Wannan tsari Nijeriya ta ɗauka ran 1 ga Oktoba 1960, da ta sami mulkin kai. Jama'a suka zaɓi wakilai, daga cikin wakilan nan aka sami Firayim Minista, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1963 ƙasar ta zama jamhuriya, watau ƙasar da shugabancinta ba gado ba ne. Amma ba a daɗe ba. Ran 15 ga Janairu 1966 waɗansu sojoji suka kashe Firayim Minista da Sardaunan Sakkwato da waɗansu manya, aka rufe majalisa. Mulkin soja ba ya tambayar kowa: ba a zaɓe shi ba, abin da ya faɗa kuma shi ne doka. In aka haɗa lissafi, sojoji sun riƙe Nijeriya kusan shekara 29.

A 1979 aka bar tsarin Ingila aka ɗauko na Amurka, inda dukan ƙasa ke zaɓen shugaba kai tsaye. A wannan shekara ce matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa, Alhaji Shehu Shagari ya ci. Sojoji suka tuɓe shi a ƙarshen 1983, ba su koma bariki ba sai 1999.

A tsarin da ake bi tun daga nan an raba iko kashi uku, don kada ya taru a hannu ɗaya. Majalisa ke yin doka, tana da sanatoci 109 da wakilai 360. Shugaban ƙasa ke zartar da ita, alƙalai kuma su raba gardama. Shugaba yana yin shekara huɗu, ba a kuma zaɓensa fiye da sau biyu. Duk wanda ya cika shekara 18, manomi ne ko attajiri, ƙuri'arsa ɗaya ce. Ba kullum ake bin ƙa'idodin nan yadda aka rubuta su ba, akwai masu sayen ƙuri'a da gishiri da turmin atamfa. Duk da haka a 2015 shugaba mai ci, Goodluck Jonathan, ya faɗi zaɓe, ya kira Muhammadu Buhari a waya ya yi masa murna tun ba a gama faɗin sakamako ba, ran 29 ga Mayu kuma ya miƙa masa mulki.