Mota: A Saya ko A Karɓi Haya?

Wanda yake son hawa mota yana da hanyoyi fiye da ɗaya. Zai iya sayenta kuɗi hannu, ta zama tasa tun ranar farko. Zai iya karɓar hayarta, ya yi amfani da ita na wani lokaci, ya mayar wa mai ita. Tsakanin waɗannan akwai hanyar da direbobinmu suka fi sani: a ba ka mota ko Adaidaita Sahu, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, ranar da ka gama ta zama taka.

A Amurka hayar mota ta dogon lokaci ta zama ruwan dare. Mutum yakan karɓi sabuwar mota na shekara 2 ko 3, yana biya duk wata. Kamfanin da ya ba shi hayar yakan ƙayyade masa tafiya, sau da yawa mil 12,000 a shekara, wato kusan kilomita 19,000. In ya wuce haka, zai biya kuɗi a kan kowane mil da ya ƙara. In wa'adi ya cika sai ya miƙa makulli, sai fa in ya zaɓi ya biya ragowar darajar motar ya riƙe ta. Wannan ya dace da ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce gida da ofis. Amma daga Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. Direban da yake zuwa ya dawo kullum zai cinye tafiyar shekara guda cikin mako shida. Irin wannan haya ba ta direban tasha ba ce.

Yanzu mu zo kan biya kaɗan-kaɗan, domin a nan mutanenmu suka fi shiga matsala. Mai mota ba ya fara magana da jimillar kuɗi. Abin da zai ce shi ne, “Ƙanena, dubu saba'in kawai za ka riƙa kawowa a mako.” Dubu saba'in tana da daɗin ji. Ɗauki biro da takarda mu yi lissafi. Waɗannan kuɗaɗe misali ne kawai don koyo.

A ce kuɗin motar kuɗi hannu naira 6,000,000 ne. Ka ba da kafin alƙalami naira 1,000,000. Za ka riƙa biyan naira 70,000 duk mako har shekara 2. Shekara tana da mako 52, shekara 2 kuwa mako 104 ke nan. In ka ninka 70,000 sau 104 za ka sami 7,280,000. Haɗa da kafin alƙalami, ya zama 8,280,000. Cire 6,000,000, saura 2,280,000. Wannan ragowar ita ce kuɗin jinkirin da aka yi maka. Ba lallai ne ta zama zalunci ba, domin mai motar ya ɗaure kuɗinsa shekara 2, ga darajar naira tana sauka. Amma wajibi ne ka san adadin kafin ka sa hannu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai mai hankali yakan san nawa ne nasa.

Naira 70,000 a mako daidai take da naira 10,000 a kullum, har da ranar Juma'a, har da ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai. Wannan kuɗi dabam yake da na mai, da na juye, da na taya, da kamashon tasha, da kuma cefanen gida. Mai kuwa ba shi da tabbas. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur a Nijeriya, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Duk wanda ya gina lissafinsa a kan tsohon farashi ya ji a jikinsa, domin kuɗin mako bai ragu ba.

Sai maganar gyara. In giya ta lalace, ko inji ya buga, wa zai biya? Kwanakin da mota take kwance a gareji, za a ci gaba da ƙirga maka kuɗi ko za a ɗaga maka ƙafa? A nan abokai suke ɓatawa, wani lokaci har a kai ga ofishin 'yan sanda, saboda kowa ya tafi da nasa zaton. A rubuta amsar a takarda, shaidu su sa hannu.

Doka ma ta tanadi wani abu. Nijeriya tana da dokar irin wannan ciniki tun 1965. Ta ce a sanar da mai karɓa farashin kaya na kuɗi hannu kafin a ƙulla, kuma a rubuta yarjejeniyar. Ta kuma ce in mutum ya biya kashi 3 cikin 5 na jimillar kuɗin mota, mai ita ba zai ƙwace ta ya soke ciniki da kansa ba, sai ya bi ta kotu. A misalinmu, kashi 3 cikin 5 na 8,280,000 shi ne 4,968,000. To da me za ka nuna ka kai wannan adadin in ba ka da rasit? Duk ranar da ka biya, ko da maigidanka ne, ko da yayanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ka ce a rubuta. Ba rashin kunya ba ne. Sayi ƙaramin littafi, ka raba shafi gida uku: kwanan wata, adadin kuɗi, sa hannun wanda ya karɓa.

Mai gudun kuɗin ruwa yana iya tuntuɓar bankunan Musulunci, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. A tsarin murabaha, banki ne yake sayen motar, ya sayar maka da ribar da aka bayyana, ka biya a hankali. A tsarin ijara kuwa motar ta banki ce, kai kana biyan haya, kuma ana iya shirya yadda za ta koma hannunka a ƙarshe. Ko a nan ma, tambayi jimilla.

Ga ra'ayina. In motar ba za ta kawo kuɗi ba, ta kai yara makaranta ce da zuwa biki, ka sayi wadda aljihunka zai iya kuɗi hannu, ko da tsohuwa ce. Ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ya saurari inji, ya leƙa ƙarƙashinta, a kuma gwada lambar shasi da wadda ke jikin takardun kwastan. In buƙatarka ta kwana biyu ce, ɗauki shata, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Biya kaɗan-kaɗan na wanda motar za ta yi wa aiki ne, har ta biya kuɗin mako, ta sha mai, ta bar masa na cefane.

Je wurin wani direba mai biya kaɗan-kaɗan a unguwarku. Tambaye shi nawa yake biya a mako, da mako nawa zai yi yana biya. Rubuta a littafinka, ka fitar da jimillar da kanka.